Tsinke Biyu a Kwanon Fermín

Pacasmayo, watan Yuni

'Yata Nélida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Augusto da jikokina masu ƙyuyar rubutu. Ni lafiya lau nake, ƙafar ce dai take ta ƙorafi yadda ta saba.

Na ga saƙonki a kan addu'ar mamaci. Amsata tana nan inda kika bar ta: ba za a yi ba. Fadan cocinmu ma ya tako har gida da muryar nan tasa ta lallashin yara, na ba shi kofi ya sha, na raka shi ƙofa. Wa ya ga gawar Fermín? Kwale-kwalensu aka tsinta a kife, ba shi aka tsinta ba. Ƙanenki tun bai iya magana ba, ya riga ya iya iyo. Wataƙila wani jirgin waje ne ya tsame shi, kin kuwa san shi da rashin aiko da labari. Ƙofa dai ba na sa mata sakata.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi bayan coci, ƙafata ta kai ni chifa, gidan abincin Sinawan nan na comadre Otilia, uwar baftismar Fermín, karon farko tun da abin ya faru. Komai yana nan: jan labulen da ya koɗe, hoton babanta da turare a gabansa, ƙamshin citta da soyayyar shinkafa har bakin titi. Wuri ya cika da iyalai, yara sai faɗa suke a kan ɗan naman ƙarshe. Amma teburin Fermín na jikin taga babu kowa. Sai kwanon farar shinkafa tana turiri, an soke tsinkayen nan biyu na cin abincin Sinawa a tsaye a tsakiyarta.

Na ce, "Comadre, wannan fa na wane ne?"

Ta tsaya da faranti a hannu, ta ce, "Na yaronmu ne."

Can wani direba ya zo zai ja kujerar, ta daka masa tsawa: "Kai mai ƙaton ciki, ba ka ga da mai wurin ba?"

Nélida, na yi kuka a gaban mutane, amma na daɗi. Duk garin nan sun binne mini ɗa da bakinsu, sai madrinarsa, matar da ta riƙe shi ranar baftisma. An ce kowace Lahadi haka take ajiye masa, ta soke tsinken don kowa ya san an kama wurin. Yanzu can nake cin abincin rana, ina fuskantar ƙofa.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki, Eufemia

*

Lima, watan Yuni

Zuwa ga Doña Otilia Lam,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya, kasuwa kuma tana tafiya.

Ki gafarce ni, ban iya kewaye-kewaye ba. Na karanta wa mijina Augusto wasiƙar Mama muna kan tebur. Da na zo wurin tsinken nan sai ya ajiye cokalinsa. Kin san kakansa daga ƙasar Sin ya zo, kamar mahaifinki. Ya ce, "Neli, a gidanmu in yaro ya soke tsinke haka a shinkafa, mari yake sha. Matattu ake ajiye wa abinci haka."

Ke kin san wannan, Mama ba ta sani ba. Tana zaune a gidan abincinki tana murna ta samu abokiyar jira, alhali kwanon mamaci kike ajiyewa a gabanta. Maƙwabta sun ce ta rame, kullum da safe tana bakin teku tana tare masunta da tambaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko ki daina ajiye kwanon, ko ki gaya mata gaskiya. Ina kuma so in sani: mu da muka fito ciki ɗaya da shi ba mu da tabbas, ke a ina kika samo naki?

Ki huta lafiya.

Nélida

*

Pacasmayo, watan Yuli

Neli,

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya, na gode. Faɗan da kika yi mini na karɓa, bakin uwarki kika ɗauko.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ranar Lahadin da suka fita, da rana tsaka, wuri ya cika ina ta kai da kawowa. Na ɗaga kai sai ga Fermín a teburinsa. Ban ga shigowarsa ba. Gashinsa jiƙe, riga ta manne masa a jiki.

Na ce, "Kai ɗan banza, haka za ka jiƙa mini kujera? Ba teku aka ce kun tafi ba?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce, "Madrina, yunwa nake ji. Ga sanyi."

Ya faɗi abin da yake so, na shiga kicin. Da na fito da kwanuka babu kowa. Kujerar tana ɗigar da ruwa, ƙarƙashin teburin duk yashi. Na tambayi na kusa, suka ce ba wanda ya zauna a nan tun safe. Na dangwali ruwan na lasa, Neli. Gishiri ne. Sai washegari labarin kwale-kwalen ya iso gari.

Babana ya koya mini cewa wanda ruwa ya ci ba shi da kabarin da za a kai masa abinci, yawo yake da yunwa. Ni ma ina zuwa coci, na kunna masa kyandir, amma kyandir ba ya cika ciki. Akwai Lahadin da na gwada fasawa. Ranar shinkafa ta ƙi nuna a tukunyar da na gada, da yamma kuma na taɓa kujerar na ji ta da danshi. Ba zan sake gwadawa ba, ki yi haƙuri.

Da uwarki ta tambaye ni, ban yi mata ƙarya ba. Amma da na ga yadda fuskarta ta washe, sai na bar ta da zatonta. In ta tambaye ni kai tsaye zan faɗa mata duka. Akwai ma wata magana da ya yi wadda tata ce, ba taki ba.

Allah ya kiyaye ku.

Otilia

*

Lima, watan Yuli

Mamata,

Ina gaishe ki, yara ma suna gaishe ki. Yaya ƙafar?

Ba zan sake yi miki maganar fada ba. Abu ɗaya nake roƙo. Lahadi mai zuwa, in mutane sun ragu, ki zaunar da Doña Otilia ki tambaye ta abin da tsinken nan yake nufi a gidan babanta, da ranar da ta fara ajiye kwanon. Ina tsoron abin da amsar za ta yi miki, Mama. Amma na fi tsoron ki ci gaba da kallon ƙofar nan har ki ƙare. In kin ce in zo, ran nan zan hau mota.

'Yarki mai ƙaunarki, Nélida

*

Pacasmayo, watan Agusta

'Yata,

Ina gaishe ku. Na tambaye ta. Ta rufe wurin, ta zauna a gabana ta faɗa mini duka, har da ruwan gishirin. Na wanke ta tas, ta bar ni na gama.

Sai na ce, "To, me ya ce ki kawo masa?"

Ta ce, "Kwano biyu. Ɗaya nasa, ɗaya a ƙunshe wa Mama, kada a sa albasa, tana sa ta ƙwannafi. Ya ce yau ba zai samu kai miki da kansa ba."

Nélida, ko ke ba ki san zancen albasar nan ba. A gaban comadre ci nake in yi shiru, don kada ta ji babu daɗi. Shi kaɗai yake ganina ina shan kanwa in mun koma gida.

Ta shiga ta dafa, ba albasa. Na cinye a teburinsa, ina fuskantar kujerarsa. Tsinken nasa ni na soke da hannuna.

Na ga fada, Asabar ta sama za a yi addu'ar. Ki taho mini da baƙin mayafi, ban taɓa yarda na saya ba. In kun iso ku ƙwanƙwasa da ƙarfi, na sa wa ƙofa sakata.

Mamanki, Eufemia