Baitin Ƙarshe na Waƙar Manoman Kiyako

Birnin Kudu

Ƙanwata Munawwara,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba Ɗanbala? Allah ya ƙara sauƙi. Na kasa faɗa miki ta waya, shi ya sa na ba direban Gwaram wannan takarda. Waƙoƙin noman nan shida da na ɗauka a bakinsa bara, kafin ciwon ya kwantar da shi, ina cikin haɗa su a kwamfuta ranar Talata manhajar ta tsaya cik, ta rufe kanta. Da na sake kunna kwamfutar, aikin ya ƙi buɗuwa. Ban ajiye kwafi a ko'ina ba, sakacina ne. Kada ki faɗa masa tukuna.

Yayanki,
Khuzaima

Maruta, Gwaram

Yaya Khuzaima,

Ina gaisuwa. Takardarka hannun Inna ta faɗa, ta sa aka karanta a gaban Baba. Sai ya juya fuskarsa bango. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ba ta fita, balle waƙa. Wata takwas kana cewa saura kaɗan. Jinya ta gajiyar da ni, ba ni da ƙarfin yi maka faɗa. Ka yi abin da za ka iya.

Ka huta lafiya,
Munawwara

Birnin Kudu

Munawwara,

Sannunku da jinya. Sati uku ina tono, har na gano inda manhajar ke ɓoye sautin da aka ɗauka: gutsattsari sama da ɗari uku, ba suna, sai lambobi. Kiɗan da na ɗora duk ya tafi, muryar Baba da gangarsa suka rage. Na saurare su ɗaya bayan ɗaya har kaina yana sara, amma ban san baitin da ke bin wani ba. Shi kaɗai ya sani. Ga memori nan, ki kunna masa in zai iya.

A gaida Inna,
Khuzaima

Maruta, Gwaram

Yaya,

Barka da ƙoƙari. Kwana goma muka yi. Sai in kunna gutsure biyu, in haka suke bin juna ya matse mini hannu, in ba haka ba ya saki. Jerin lambobin yana bayan takardar nan. Waƙoƙi biyar sun cika. Ta shidan, wadda ya yi wa manoman Kiyako, baitinta na ƙarshe babu shi, sau biyu ina bin gutsattsarin kaf. Ya yi ta ƙoƙarin furta shi, bakin ya ƙi, har gumi ya keto masa. Sai na rera, tunda tun ina ƙarama nake jin sa a gona. Bai saki hannuna ba har na dire. Na sake rerawa na ɗauka a waya, yana cikin memorin. In bai yi ba ka goge.

Sai na ji ka,
Munawwara

Birnin Kudu

Munawwara,

Ina gaishe ku. Na haɗa, ban goge ba. Juma'a ina tafe da lasifika. Ki ce wa Inna a fito da Baba ƙofar gida bayan la'asar, a kira abokansa.

Yayanki,
Khuzaima