Kun Zo Kama Masu Kashe Ungulu, Kun Tafi da Baba Ɗanjuma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'aikatan kare namun daji da ke kula da yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, ina gai da iyali da ma'aikata. Da fatan kujera na nan da laushi, fanka na juyawa.

Sunana Sale, mahauci ne ni a kasuwar ƙauyenmu da ke gabas da Zakirai, wadda ke ci ranar Talata. A wurin mahaifina na gaji fawa, kuma na fi shekara talatin da wuƙa a hannu. Ban ɓoye sunana ba, domin babu abin da ya rage a ɓoye. Yaranka sun riga sun yi shelarsa da lasifika. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta. Ga abin da ya faru, bi da bi.

Na ɗaya, abin da ya kai ni wurinku.

Wanda ke zaune a birni ba zai san amfanin ungulu ba, amma mahauci ya sani. Da muna yara, kafin a gama fiɗa sun cika rimin da ke bayan mahauta. Da ka juya baya za su sauko su share tumbi da jini da duk abin da aka yar, wurin ya koma kamar an wanke. Idan dabba ta mutu a gona, kwana ɗaya sai ƙashi. Yanzu mu muke haƙa rami muna binne ƙazantar, ƙuda kuma har cikin rumfa.

Bara, bayan an gama girbi, na fita da sassafe zan duba ramin da muke zubar da tumbi, sai na tarar da mushen jaki a gefen kududdufi. An farke masa ciki, an barbaɗa maganin ƙwari irin na gona. Kewaye da shi ungulu ne a kwance, na ƙirga goma sha ɗaya, kowacce an sare mata kai da ƙafa. Kafin la'asar karnukan makiyaya biyu da suka lasa sun mutu. A kududdufin nan shanun gari ke shan ruwa, a nan mata ke wanki.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san mai aikin. Akwai wani baƙo da muke kira Mai Buhu, yana zuwa a kan babur ranar kasuwa. Ba ya sayen hatsi, ba ya sayen nama, tambayarsa ɗaya ce: wa ke da tsohon jakin sayarwa? Kawunan da yake tarawa birni yake kai wa masu harkar tsubbu. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Ni ne wawan da ya hau mota ya je ofishinku. Wani jami'inka mai suna Malam Nasiru ya saurare ni, ya dafa kafaɗata, ya rantse da Allah sunana ba zai fita daga ɗakin nan ba. Ya ce kuna da ƙwararru masu aiki a asirce, waɗanda ko matansu ba su san inda suke kwana ba. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Na biyu, ƙwararrun naku.

Bayan mako uku suka iso, su biyu, wai fataken gyaɗa ne. Ranka ya daɗe, na so a ce ka gan su. Dogayen riguna sababbi fil, da shatin ninkin kanti a jiki. A ƙarƙashin rigunan, takalman aiki iri ɗaya, baƙaƙe, an goge su suna ƙyalli. Ƙaramin yana kiran babban da "Oga", in ya manta har ƙamewa yake yi. Motar ofis kuwa sun ajiye ta bayan makarantar firamare, sun manna tsohuwar kalanda a kan tambarin da ke ƙofa, iska na ɗaga ta, masu wucewa na karantawa.

Fataken gyaɗan nan ba su san tiya nawa ke cika buhu ba. Hajiya Ladi mai awo ta faɗa musu kuɗin bara, suka ce ya yi araha, ta faɗa musu ninki, suka ce za su yi shawara. Daga nan suka zauna a teburin mai shayi, babban ya rage murya kamar mai neman bashi, ya tambayi inda ake samun kan ungulu. Mai shayi ya ce shi madara yake sayarwa. Kafin azahar, har kurman da ke faci a tasha ya san ma'aikatan daji sun shigo gari.

Duk wannan da abin dariya ne kawai, da ba don abu ɗaya ba. Tambayar farko da suka yi wa 'yan acaɓa suna sauka ita ce, ina rumfar Sale mahauci? Aka rako su har gabana. Suka shimfiɗa buzuna, suka zauna. Kasuwa uku a jere suna zuwa, kuma binciken nasu bai taɓa wuce tsakanin tukubata da teburin mai shayi ba. Na ja babban gefe na roƙe shi su daina zama wurina, ya ce in kwantar da hankalina, ai shi ne salon aikin.

A kasuwa ta uku Mai Buhu ya gifta ta bayan rumfuna, buhunsa ɗaure a bayan babur, ƙuda na bin sa. Na taka ƙafar babban, na nuna masa da haɓa. Ya ɗago, tsinken tsire a hannunsa, ya bi babur ɗin da kallo har ya ɓace. Sannan ya ce mini irin wannan aiki yana son haƙuri, kuma ma motar ba mai.

Na uku, wanda kuka kama.

Ina jin an matsa musu daga sama su kawo sakamako, sai suka duba kasuwa suka zaɓi wanda ba zai iya gudu ba. Baba Ɗanjuma tsoho ne da ya haura saba'in. Ya yi farauta da ƙuruciya, lokacin da akwai dajin farautar. Yanzu ko'ina gona ce, shi kuma ya ajiye baka tun kafin in yi aure. Saiwoyi da sassaƙe yake kasawa a bakin masallacin kasuwa, na basir da shawara da ciwon baya. A cikin jakarsa akwai wani busasshen fiffiken ungulu da fatar bushiya, gadon mahaifinsa, asu ya cinye rabinsu. Ba ya sayarwa, ajiya ce kawai irin ta tsofaffi.

Ƙaramin jami'inka ya tsuguna gabansa, ya ce mahaifiyarsa ce kwance ba lafiya, an ce sai da gashin ungulu. Baba ya ce masa wannan ba magani ba ne, ya kai ta asibiti. Ya nace, har da share ido. Tsohon ya ji tausayi, ya ciro fiffiken ya miƙa masa, ya ce, "Ɗauka, ɗana, ba sai ka biya ba. Allah ya ba ta lafiya." Bai rufe baki ba ankwa ta hau hannunsa.

Suka tsayar da shi a rana, suka jera fiffiken da fatar bushiyar a ƙasa, suka ƙara da jakar saiwoyinsa don kayan su yi yawa, suka yi ta ɗaukar hoto. Takalman nan masu ƙyalli sun fito sosai. Kwana biyu bayan haka muka ji a rediyo cewa bayan dogon aikin sirri an tarwatsa gungun masu fataucin namun daji. Gungun shi ne tsoho ɗaya mai ciwon gwiwa.

Na huɗu, tukuicin da kuka ba ni.

Kafin su tafi da shi sun tsaya a ƙofar gidan Dagaci, jama'a sun taru. Malam Nasiru da kansa ya zo, wanda ya yi mini rantsuwa. Ya karɓi lasifika ya ce wannan nasara ba ta samu ba sai da taimakon ɗan ƙasa nagari, Malam Sale mahauci, ya kuma ce a tafa mini. Ba wanda ya tafa. Ina tsaye da jinin yanka a rigata, idon garin duka a kaina, Baba Ɗanjuma na bayan mota yana kallona.

Ranka ya daɗe, Baba Ɗanjuma kawun matata ne. Shi ya riƙe Hajara bayan rasuwar mahaifinta, shi ya ba ni aurenta. Ran nan da na shiga gida ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Malam, in Kawu ya yi maka laifi, ai da ka gaya mini." Na rantse mata ban taɓa ambaton sunansa ba. Ta ce ta ji. Ta fi mako ba ta zauna kusa da ni ina cin abinci ba.

A waje kuwa, in na doshi majalisa sai hira ta mutu. Sarkin Fawa ya kira ni ya ce rundawa, 'yan'uwana mahauta, ba sa jin daɗin aiki kusa da ni, ya mai da rumfata can ƙarshen layi kusa da juji. Masu suna da biki da suka saba kirana yanka suka koma kiran wani. Naman da nake sayarwa kafin la'asar, yanzu sai in kai magariba ina korar ƙuda.

Mai Buhu bai ko fasa kasuwa ɗaya ba. Talatar da ta biyo baya ya tsaya gaban rumfata, karo na farko a rayuwarsa ya sayi nama. Yana jiran in ƙunshe masa, sai ya tambaye ni lafiyar san da nake kiwo a bayan gida, wai ya ji ya yi ƙiba. Kwana biyar bayan haka na tarar da san a kwance da safe, kumfa na fita ta bakinsa, ga ragowar dusar da ba ni na zuba ba. Wata takwas ina kiwonsa don Babbar Sallah. Ko fatarsa ban iya amfana da ita ba. Rami na haƙa mai zurfi na binne shi, don kada wata dabbar ta ci ta bi shi.

Na koma ofishinku da wannan labari. Aka ce an yi wa Malam Nasiru ƙarin girma, ya koma wani wuri. Aka nemi fayil ɗin da ya rubuta bayanina, aka rasa. Wani matashin ma'aikaci ya ga na daɗe a kan benci, ya shiga ciki ya fito mini da farar riga da hular hana-sallah, kowacce da hoton ungulu a jiki, ya ce kyauta ce ga abokan hulɗa. Ina tambaya, ranka ya daɗe: a wane gari ake so in sa ta?

Na biyar, halin da ake ciki.

Baba Ɗanjuma ya kwana tara a hannunku kafin Dagaci ya tsaya masa aka sake shi, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, domin ba abin da za a faɗa wa alƙalin. Washegarin dawowarsa ya dogara sanda ya zo har rumfata, a gaban mutane ya miƙo mini hannu. Ya ce ya san ba ni ba ne, domin a can ya ji su da kunnensa suna cewa mai babur ɗin yana da manya a bayansa. Wannan hannu da ya miƙo shi ya dawo mini da matata. Amma shi bai sake kasa magani ba. Ya ce duk baƙon da ya tsuguna gabansa da kukan rashin lafiya, yanzu ƙafarsa yake fara dubawa, kuma mai ba da magani bai kamata ya zama haka ba.

Ga buƙatuna, ba su da yawa.

Ku koma gidan rediyon da kuka yi shelar gungu, ku faɗa cewa Baba Ɗanjuma ba shi da laifi. Da irin muryar da kuka ɓata shi za ku wanke shi.

Ka turo babban jami'i ƙofar gidan Dagaci, da lasifikar nan dai, ya faɗi sunan wanda na kai ƙara. Tunda an tona ni, a tona ni daidai.

Ka binciki ko su wane ne manyan da yaranka ke tsoro. In sun fi ƙarfinka, ka faɗa mana, mu san matsayinmu, mu daina kai kanmu.

In har za ku kama Mai Buhu, ba kwa buƙatar sabuwar riga ko kalanda. Duk Talata bayan azahar yana gindin tsamiyar masu jakuna. Ku zo da kakinku, ku zuba mai a mota. In kuma ba za ku iya ba, don Allah kada ku sake turo mana kowa. Ɓarnar da mutum ɗaya ke yi mana ta ishe mu.

Buƙata ta ƙarshe ba tawa ba ce. Kafin in aiko da wannan takarda na karanta wa Baba Ɗanjuma ita, na tambaye shi ko yana da abin ƙarawa. Ya ce ku riƙe fiffiken, ku riƙe saiwoyin, ya yafe. Amma ranar da aka tura shi mota tabaransa ya faɗi, wani yaronka ya ɗauka ya jefa cikin kayan shaida. Tun ran nan bai buɗe Alƙur'aninsa ba, sai abin da ya haddace. Ya ce a taimaka a duba masa, ƙafar tabaran ɗaya da zare aka ɗaure ta.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da ma'aikata masu kunya. Allah ya sa ranar da za a tambayi kowa amanar da aka ba shi, ka samu amsar da ta fi hoto. Amin.

Wassalam.

Naka,
Sale Mahauci,
rumfar ƙarshe, kusa da juji.