Takardun Baba a Fayil Ɗaya

Yaya,

Na wuce aiki, ba zan iya jiran dawowarka ba.

Da safe na je ofishin su Baba da hotunan takardunsa a wayata. Matar da ke karɓar takardu ta ce ba sa amsar hoto, sai an haɗa su duka an mayar PDF, a buga a kawo. Ta yi min ta'aziyya, na amsa kamar ba ni ake wa ba.

Da na dawo na haɗa su a kwamfutarka: katin aikinsa, takardun asibiti, da shaidar rasuwa. Fayil ɗin yana kan allo, na sa masa suna "Baba".

Don Allah kafin ka kai a buga, ka cire shafi na bakwai. Hotonsa ne ranar da yake gyaran fankar falo, yana dariya, ban san ya aka yi ya shiga ciki ba. Kar Umma ta gani. Sau uku ina kai hannu in goge, sai in tsaya ina kallonsa kawai. Kai ka goge.

Ƙanwarka