Keken Dabo a Hannun Hagu

Kalilu,

Babbar mota ta buge aminina Dabo da hantsi, a kwanar tasha. Yana kan kekensa a hannun hagu, yadda muka saba. Da gwamnati ta ce a koma hannun dama ya so ya bi, ni na ce dokar ta masu mota ce, ina ruwan mai keke. Ya ji maganata.

Na bi shi asibitin Katsina. Kana dawowa ka je ka gaya wa matarsa Kubura, har abin da na ce masa. Ba zan iya haɗa ido da ita ba.

Kekena yana zaure. Ban san da wa zan ƙara jerawa kasuwa ba. Likita ya ce ƙafar Dabo ba ta ɗoruwa, daga gwiwa za a yanke.

Yayanka,
Hamma