Kyamarar Baba a Hannun Kawu

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, Inna ma da sauƙi, ƙafar ce dai ke matsa mata.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ashe kai ka ce a kwashe kayan ɗakin Baba a ba 'yan gwangwan? Na dawo daga shagon ɗinkina na tarar da kyamararsa a bakin ƙofa, buhu ɗaya da matattun fitilu. Kyamarar da ya ciyar da mu da ita shekara talatin! Na ɗauke, kuma ko gaban alƙali za a je ba zan mayar ba.

Na kai wa tsohon nan mai gyaran agogo. Ya goge idanunta biyu, ya ce lafiyarta ƙalau, mai ita ne kawai ya tafi. Shi ke koya mini. Ba a kai ta ido. A saitin ciki ake riƙe ta, a buɗe murfin sama a leƙa kamar mai duba rijiya. Abin da ke dama ta hagu yake fitowa, har jiri nake yi. Fim ɗinta mai faɗi ne, naɗe da takarda, hoto goma sha biyu kacal yake ci, kuma haske ya taɓa shi kafin a wanke, ya mutu.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarka. Na yafe maka wancan, don wanda ya fi shi ya faru.

Ka san Inna ba ta yarda a ɗauke ta hoto da waya. Tun rasuwar Baba ba wanda ya ɗauke ta hoto. Amma da ta ga kyamarar a wuyana sai ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta mai ruwan toka ta zauna a kujerar Baba. Ta ce, “Sau ɗaya zan zauna, Auta, ki yi da kyau.” Na ɗauki guda biyar. Su ne na ƙarshe da na ɗauka, saura biyu fim ya cika.

Jiya sai ga Kawu. Ka san shi, ba abin da bai iya ba, wai shi ya koya wa Baba sana'ar. Na shiga kawo masa ruwa, na fito na same shi a tsakar gida, rana tsaka, ya wangale bayan kyamarar yana leƙe, wai yana son ya ga yadda hotunan suka fito. Na saki kofin. Ya ce ai ba komai a ciki, an cuce ni, fim ɗin jabu ne!

Na faɗi maganganu, ban musa ba. Yanzu duk dangi ni suke wa faɗa, wai na ɗaga wa babba murya. Shi da ya yi ɓarnar ba wanda ya ce masa kanzil. Kada ka rubuto mini cewa hoto ne kawai, don Allah.

Taka cikin takaici,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya yara da makaranta?

An wanko fim ɗin. Na farko-farkon sun tsira, don sun riga sun naɗe ciki: tukunyar fure, keken ɗinkina, da rabin kan mai gyaran agogo. Na Inna biyar ɗin babu ko inuwa. Na ajiye mata su a cinya ina kuka.

Ta daɗe tana juya su. Sai ta aika a kira mata ƙanenta, Kawu. Ya zo yana shirin bayani, ta ce bayaninsa ya isa haka. Ta sa mayafin, ta ce a fitar da kujerar tsakiyar rana. Ta miƙa masa lema ta ce, “Tunda kai ne malamin, tsaya nan ka tare mini haske. Ka kuwa yi nesa, kada ka fito a ciki.”

Yaya, ban taɓa yin aiki a hankali irin na ranar ba. Na sa sabon fim. Kowane hoto sai na auna haske, na gyara, na sake aunawa. Kawu ya sauya hannun riƙe lemar ya fi sau goma, gumi har gemu. Da na kai na goma sha biyu, Inna ta tambaye ni ko akwai wani fim ɗin. Akwai.

Zan aiko maka da hoto guda ɗaya. Ka gaida Anti.
Ƙanwarka, Auta