Edita Mai Ƙarasa Magana

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa duba ƙarƙashin matashinta, na san can take ɓoye maganin ta ce ta sha.

Ni lafiya lau, sai gajiya. Abin da muka daɗe muna jin ƙishin-ƙishinsa ya tabbata, za a rufe ɗakin buga takardu na ofishinmu. Shugaba ya tara mu ya ce yanzu kowa na buga wasiƙarsa da kansa. Wai don kada a ce an yi mana rashin adalci, an kawo malami ya koya mana rubuta manhajar kwamfuta. Wadda ta ci jarrabawa a ƙarshe a mayar da ita sabon sashe, wadda ta faɗi a sallame ta. Kin san kuma gidan da nake ciki na ma'aikata ne, in aiki ya tafi makulli ma ya tafi. Ga yarinyata bana take ajin ƙarshe a makarantar bayan layinmu.

Kada ki yi dariya, har yanzu ban koyi komai ba, ina nan ina zaɓen edita. Edita ita ce manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, kamar takardar da muke ɗura wa keken rubutu a da. Na ɗauka guda ɗaya ce. Ashe yawa gare su, kowa kuma tasa yake yabo.

Malamin, da muke kira Sannu-Sannu don kalmar ba ta barin bakinsa, ya ce mu fara da wata maras komai, farin fili fetal, ba ta gyara ba ta tuni. Akantanmu kuwa, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba tun da na san shi, ya ce wannan wahalar da kai ce. Ya karɓi kwamfutata ya sa mini wata wadda da na buga harafi biyu sai ta ƙarasa layin da kanta, nawa kawai in danna maɓalli in amince. Kaina ya yi zafi, Yaya. A shekaruna an mayar da ni 'yar aji ɗaya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Na ji daɗi da Inna ta fara taka ƙafar. Ki ce wa maigidan na gode da addu'a.

Kin tambaye ni wacce na zaɓa. Ta Akanta na ɗauka. Kin san ni da sauri, duk ɗakinmu ba wadda ke kamo ƙafata a kan maɓallai, kuma da wannan editar kullum ni ke fara miƙa aikin da aka ba mu. Maman Biyu, wadda teburinta ke jikin nawa, ta bi shawarar malami. Tana nan tana tsintar haruffa kamar mai tsince shinkafa, ta rubuta ta goge, ta yi tsaki ta sake. Har tsokanarta nake yi in ce ko in kawo mata tabarma ta kwana a wurin.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Mu masu buga takardu tun farko an hore mu kada mu karanta abin da muke bugawa, ido a kan takarda, hannu na tafiya, kai ba ruwansa. Da haka muka riƙe sirrin ofis duk shekarun nan. To haka nake yi da wannan ma. Rannan Sannu-Sannu ya tsaya a bayana ya nuna wani layi ya tambaye ni me ya kawo shi nan. Na ce editar ce ta sa. Sai ya tuna mini cewa a kwamfutocin ɗakin taro za a yi jarrabawa, kuma maras komai ɗin ce a kansu.

Na gwada ta da yamma ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an ɗaure mini yatsu. Aji ya watse ya bar ni, har mai shara ya zo yana jira in ɗaga ƙafa. Ban iya jure zama ta ƙarshe ba, washegari na koma wa tawa. Na ce da raina in jarrabawa ta matso zan zauna in koya. Amma kafin in tashi daga aiki, in shiga aji, in dawo in ɗora tukunya, idona ya riga ya yi yaji, bayana kuma kamar ba nawa ba.

A sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da mutan gida. Ki karanta wannan ke kaɗai.

An yi jarrabawa. Ba wani abu mai wuya aka ce ba, 'yar manhaja ce da za ta tambayi mutum shekarar haihuwarsa ta faɗa masa shekarunsa. Na yi irinta a aji, har yabo na samu. Na zauna, na buga harafi biyu, na jira. Ba abin da ya fito. Na danna maɓallin da na saba dannawa, sai fili kawai ya buɗe. Na san kamannin layukan, in na gan su zan gane su, amma ban san wanda ke gaba da wani ba, don ban taɓa rubuta ko ɗaya da hannuna har ƙarshe ba.

Ko'ina ƙarar maɓallai ke tashi, ni kaɗai hannuna a sake. Kunya ta ishe ni. Sai na jawo takardar tambayar na ajiye a gefen hagu yadda na saba, na buge ta tsaf daga sama har ƙasa, babu kuskure ko ɗaya. Ita na miƙa.

Maman Biyu ta ci, kuma na yi mata murna har zuciyata. Sannu-Sannu ya je ya roƙa mini a sake ba ni dama, Shugaba ya ce gurabe sun cika. Akanta yanzu in ya hango ni sai ya canza hanya, alhali ban riƙe shi da komai ba, ni na zaɓa.

An ba ni zuwa ƙarshen wata in miƙa makulli. Maman Biyu ta ce yarinyata ta zauna a wajenta har ta gama makaranta, Allah Ya saka mata. Saura ni. Ban taɓa roƙonki irin wannan ba, Yaya, kuma na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta. Ɗakin nan naku na kusa da kicin, har yanzu tarkace ne a ciki? In maigidan ya yarda, ni zan share shi da kaina. Kayana ba su da yawa.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna, ki ce mata hutu na samu.

Ƙanwarki,
Auta