Hannuna Na Dama

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma ya yi. Ina riƙe da allurar kashe zafi, wata tsohuwa ta wangale baki tana jira, sai hannuna na dama ya kama rawa. Na ce wa nas fitila ce ba ta zauna daidai ba. Ta gyara, ta dube ni. Yunwa ce. Gobe sai na karya zan fito.

Alhamis, 6 ga Maris
Na karya. Ya yi.

Asabar, 8 ga Maris
Shekarar horonmu ta zo ƙarshe, kowa maganarsa ina za a nufa. Cikin abokan horona, Doguwa ta samu asibitin kuɗi. Sarkin Surutu na ta fafutukar fita waje. Ɗaya ya koma tallan man goge baki a kamfani, muka yi ta masa tsiya, har da ni, uwar 'yan dariya.

Baba kuwa har ya sallami telan da ke shagon ƙofar gida. "Nan za ki kafa kujerarki, Likita." Tun da na gama jami'a ya daina kiran sunana. Ya buɗe baki ya nuna min turminsa da ya rube, wai shi ne zai fara hawa.

Na yi dariya. Hannun yana cikin mayafi.

Talata, 11 ga Maris
Ina yi wa wani direba cikon haƙori, injin ya zame ya yanke shi a dasashi. Ba babban rauni ba ne, amma jinin! Bawan Allah yana zare ido, shi ne ma ke ce min sannu. Babbar likita ta karɓi aikin. "Je ki wanke fuskarki."

Da ta kira ni ofis ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. "Tun yaushe?" kawai ta ce.

Laraba, 19 ga Maris
Likitan jijiyoyi ya sa na zana da'ira, na ɗaga kofi cike da ruwa. Ya ce ba abin da ke kisa ba ne, galibi gado ne, magani zai rage amma ba zai raba ni da shi ba. Sai na tuna yadda cokali ke ƙara a hannun Kaka.

Ya tambayi aikina. Na faɗa. Ya ɗan jima yana gyara tabarau.

Juma'a, 28 ga Maris
An ɗauke ni daga kujera, an kai ni ɗakin hoto, can ƙarshen baranda, inda ake duba hotunan muƙamuƙi. Ba taga. Babbar likita ta ce ba kowane likitan haƙori ne ke cire haƙori ba, akwai masu karanta hoto, akwai masu koyarwa, akwai masu zaga makarantu. Na ce to, ranki ya daɗe. A raina na ce kora ce aka sa wa turare.

Duk wahalar nan, don in zauna a duhu?

Baba ya yi wa shago fenti. Fari.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na faɗa wa Baba. Na miƙa hannun ya gani da idonsa. Ya riƙe shi cikin nasa, yana matsewa kamar zai tsayar da shi.

"Da ciwo, uwata?"

Na ce a'a. Ya tashi ya fita. Mama ta ce in ƙyale shi tukuna.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Wani hoto ya hana ni sakat yau. Mace ce, an cire mata haƙori, ciwo bai tafi ba. Na ga wata inuwa a ƙasan saiwar na kusa da shi, ƙarama, gefenta ba sumul ba. Na juya, na ƙara girma, na kwatanta da ɗaya ɓangaren. Da na kira likitan sashen ya daɗe yana kallo, ya sa a nemo matar gobe da sassafe.

Ban san lokacin tashi ya wuce ba sai da mai shara ta buga ƙofa.

Ba wai ina son wurin ba ne. Wari yake, kujerar kuma tana karya baya. Na dai tambayi likitan yaushe ake ɗaukar masu ƙwarewa a karatun hoto.

Tambaya kawai na yi.